Florence Nightingale: Fitilar da ta haska wasu, ta ci mai riƙe da ita

Ranar 12 ga watan Mayun kowace shekara ita ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya. A Katsina, kamar sauran birane, akan fito da fararen kaya, a yi jawabai, a ambaci sunan Florence Nightingale, Baturiyar Ingila da aka haifa a irin wannan rana a 1820. Hoto guda aka fi saninta da shi: mace riƙe da fitila tana zagaya gadajen sojoji cikin dare. Da wannan hoto ake yi wa ɗaliban jinya huɗubar haƙuri da sadaukar da kai.

Abin da ba a cika gaya musu ba shi ne zamanin fitilar bai cika shekara biyu ba, kuma shekara ɗaya bayan ta koma gida jikinta ya karye, tana da shekara 37. Ta kai shekara 90 a duniya, amma galibin shekaru 53 da suka rage a ɗaki ta yi su, daga gado sai kujera. Tarihin matar da ake kafa hujja da ita a ce wa nas ta daure, shi ne kuma ya fi nuna inda dauriya ke ƙarewa idan aka bar ta ita kaɗai.

'Yar masu hali da ta ƙi zaman hutu

An haife ta a birnin Florence na ƙasar Italiya lokacin da iyayenta ke yawon buɗe ido, aka sa mata sunan garin. Mahaifinta, William Nightingale, attajiri ne mai gidaje biyu na alfarma, Lea Hurst da Embley. Shi da kansa ya koyar da ita da yayarta Parthenope harsunan Girka da Latin da Faransanci da Jamusanci, da tarihi da falsafa. Ita kuwa lissafi ya fi jan hankalinta.

A watan Fabrairun 1837, kafin ta cika 17, ta ji a ranta cewa Allah ya kira ta zuwa wata hidima. Shekaru suka shuɗe kafin ta gane cewa jinya ce hidimar. A Ingilar wancan zamani jinyar asibiti aikin matalauta ne, ba horo, ba albashin kirki, ga baƙin suna na shaye-shaye. Da ta nemi izinin koyon aikin a asibitin Salisbury a 1845, uwa da ya suka ce sam ba za ta zubar musu da mutunci ba. Ta shekara takwas tana wannan jayayya a cikin gida, tana karatun rahotannin asibitoci a ɓoye da asuba. A 1849 ta ƙi auren Richard Monckton Milnes, ɗan majalisa kuma marubuci da ya daɗe yana nemanta, domin ta san aure zai rufe ƙofar.

A 1851 ta samu ta yi kimanin wata uku tana koyon jinya a Kaiserswerth ta ƙasar Jamus. A 1853 ta zama shugabar wani ƙaramin asibitin mata a titin Harley na Landan, mahaifinta ya yanka mata fam 500 a shekara. Wannan kuɗi shi ya ba ta 'yancin yin aiki ba tare da jiran albashi ba. Ya kamata a riƙe wannan, domin duk wanda ya ce nas ta yau ta yi koyi da ita wajen rashin damuwa da kuɗi, ya manta cewa ita ba ta taɓa tunanin kuɗin haya ko na cefane ba.

Barikin da ya zama maƙabarta

A watan Maris na 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙin Kirimiya, suna mara wa Daular Usmaniyya baya a kan Rasha. Wakilan jaridar The Times suka riƙa aiko da labarin yadda sojojin Ingila ke mutuwa ba magani, ba bandeji, ba mai kula. Jama'a suka fusata. Sidney Herbert, wanda ke riƙe da sakatariyar yaƙi kuma aminin Nightingale, ya nemi ta jagoranci tawagar mata. Ranar 21 ga Oktoba ta tashi da mata 38, suka sauka a Skutari, unguwar da yau ake kira Uskudar a birnin Istanbul, a farkon Nuwamba, daidai lokacin da raunanan yaƙin Inkaman suka fara kwararowa.

Asibitin tsohon barikin sojan Turkiyya ne. Layin gadajensa, in an haɗa, ya kai mil huɗu. A ƙarƙashinsa magudanan bayan gida ne da suka toshe, iska na dawo da warinsu cikin ɗakuna. Ga ɓeraye, ga ƙwarƙwata, ga ƙarancin ruwa. Manyan likitocin soja ba su yi maraba da mata ba, sai da marasa lafiya suka fi ƙarfinsu suka ba su hanya.

Ta fara da abin da hannu zai iya. Ta sayi burushin wanke daɓe da sabulu da riguna da kuɗin taimakon da jaridar ta tara da kuma na aljihunta. Ta kama gida ta mai da shi wurin wanki, ta ɗauki matan sojoji aiki. Ta gyara girki, daga baya shahararren kuku Alexis Soyer ya zo ya taimaka. Takan yi awanni a tsaye tana karɓar raunana, ta tsaya kan waɗanda ake yanke wa hannu ko ƙafa, ta zauna da masu gargara. Da dare ta hana sauran matan shiga ɗakunan, ita kaɗai ke zagaye da fitila. In ta koma ɗakinta sai rubutu: rahoto ga Herbert, lissafin kaya, da wasiƙun ta'aziyya ga iyaye da matan waɗanda suka mutu.

Duk da haka mutuwa ba ta lafa ba. A wannan hunturu na farko sojoji 4,077 suka mutu a wurin, akasarinsu ba daga harsashi ba, daga kwalara da atuni da zazzaɓin taifot da zazzaɓin ƙwarƙwata. A watan Fabrairun 1855, cikin kowane mara lafiya 100 da aka kwantar, kimanin 42 ke mutuwa. Wasu daga cikin matan jinyar ma cutar ta kashe su.

A watan Maris gwamnati ta aiko da kwamitin tsafta wanda likita John Sutherland da injiniya Robert Rawlinson ke ciki. Suka yashe magudanai, suka buɗe hanyoyin iska, suka kwashe mushe, har da mataccen doki da aka samu a hanyar ruwan da ake sha. Cunkoso ya ragu, abinci ya inganta. Kafin ƙarshen Yuni mace-macen sun sauko zuwa kimanin 2 cikin 100. Matan jinyar su ne dai na da, tausayinsu bai ƙaru ba. Abin da ya sauya shi ne ruwa da iska da magudana.

A watan Mayun 1855 ta haye teku zuwa Balaklaba don duba asibitocin bakin daga. Can zazzaɓi ya kayar da ita, har aka fid da rai. Da ta farfaɗo aka ce ta koma gida ta huta, ta ƙi. Ta ci gaba da aiki har bayan an yi sulhu a 1856, ta bar Skutari a ƙarshen Yuli. Ingila na shirya mata tarba ta ƙasaita, ita kuwa ta shigo da sunan aro, ta taka da ƙafa daga tashar jirgin ƙasa zuwa gidansu.

Abin da ƙidaya ta tona

Ba ta huta ba. A watan Satumba ta gana da Sarauniya Victoria a Balmoral, ta matsa har aka kafa hukumar binciken lafiyar soja a 1857 ƙarƙashin Herbert. Mace ba ta da kujera a irin wannan hukuma, sai ta zama ita ce ke shirya hujjoji daga ɗakinta a wani otal na Landan. Ta haɗa kai da William Farr, masanin ƙididdigar mace-mace, suka bi alƙaluman yaƙin wata-wata. Suka gano cewa cikin sojojin Ingila da suka mutu, fiye da 16,000 cuta ce ta kashe su, ninkin ba ninkin na waɗanda makami ya kashe. Suka kuma gano cewa ko a gida, lokacin zaman lafiya, soja a bariki na mutuwa kusan ninki biyu na sa'ansa farar hula.

Ta rubuta rahoto mai shafi sama da 800, ta zana alƙaluman cikin wani zane mai kama da fure don ko ɗan majalisar da ba ya son lissafi ya gane da kallo ɗaya. A 1858 ta zama mace ta farko a ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan.

Wannan ƙidaya ta nuna mata abu mai ɗaci: asibitin da ta yi wa hidima da dukan ranta, a watanninsa na farko, ya fi sauran cin rai. Marubucin tarihi Hugh Small ya yi hujja a 1998 cewa nauyin wannan gaskiya ne ya karya ta. Masaniya Lynn McDonald, wadda ta tattara rubuce-rubucenta, ta musanta hakan, tana ganin laifin na hukumar soja ne kuma Nightingale ta san haka. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne daga nan ta daina dogara ga kyakkyawar niyya, ta koma neman doka da kasafi da gini.

Faɗuwa

A watan Agustan 1857 ta faɗi. Bugun zuciya, sarƙewar numfashi, rashin barci, ƙin abinci, ga kasala mai tsanani. Aka kai ta Malvern jinya, ita da danginta suka ɗauka ajali ne. Ba ta mutu ba, ba ta kuma warke ba. Daga farkon shekarun 1860 ciwon baya ya hana ta tafiya na kusan shekara shida, sai dai a ɗauke ta.

A 1995 masanin kimiyya David Young ya wallafa nazari a mujallar likitocin Birtaniya cewa alamomin sun yi daidai da cutar burusela, wadda makiyayanmu ke kira bakkale, da ake ɗauka daga madarar da ba a tafasa ba. Galibin masu tarihinta sun karɓi wannan bayani. Wasu sun ƙara da ciwon damuwa da firgicin da ke bin wanda ya ga bala'i. Ko wanne ne, cutar ta sami jikin da aka shekara uku ana hana shi barci da hutu, da ran da ya ga mutuwar dubbai.

Sai a 1974 masanin halayyar ɗan Adam Herbert Freudenberger ya bayyana irin wannan gajiya da ke cinye masu aikin taimako. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin kundinta a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa, ba raunin hali ba. Ta lissafa alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, bushewar zuciya ga aikin da mutanensa, da raguwar ƙwazo. Ta uku ba ta kama Nightingale ba, domin daga kan gado ta rubuta dubban wasiƙu da rahotanni. Ta biyu kuwa ta bayyana a fili, kuma na kusa da ita suka ɗanɗana.

Waɗanda suka ƙone tare da ita

Sidney Herbert ya zama ministan yaƙi a 1859, ciwon ƙoda na cin sa. Likitoci suka ce ya ajiye aiki, ita ta matsa masa ya ci gaba, domin gyaran ma'aikatar bai kammala ba. Da ya gaya mata ya gaza a 1861, ta amsa masa da zafi. Ya mutu ranar 2 ga Agusta yana da shekara 50. Arthur Hugh Clough, mawaƙi kuma mijin 'yar goggonta, ya yi shekaru yana mata aikin magatakarda kyauta bayan aikinsa na ofis. Ya mutu a watan Nuwamban shekarar yana da 42, danginsa suka ɗora mata alhakin gajiyar da shi. Goggonta Mai Smith, wadda ta bi ta har Skutari ta kuma yi jinyarta a Landan, ta koma wurin mijinta da 'ya'yanta a 1860. Nightingale ta ɗauki wannan a matsayin cin amana, ta yi shekaru da yawa ba ta huce ba.

Matar da ke zama da sojan da ba ta sani ba har ransa ya fita, ita ce ta kasa ganin ciwon aminanta. Haka wannan gajiya take. Ba mara tausayi take kamawa ba, mai tausayin take maidawa mai kaushi. Wanda ya taɓa jin nas ta daka wa mai naƙuda tsawa da tsakar dare ya ga ƙarshen labarin ne, bai ga farkonsa ba. Wannan ba uzuri ba ne ga wulaƙanta mara lafiya, amma wanda ke son maganin abu sai ya san tushensa.

Tana da wasu tabon. Ta yi aikinta ne cikin daular mulkin mallaka, kuma ta fara damuwa da tsaftar Indiya ne saboda sojojin Ingila, kafin daga baya ta juya ga yunwa da talaucin manoman ƙasar. A fagen Kirimiya ma akwai Mary Seacole, baƙar fata 'yar Jamaika, wadda masu ɗaukar ma'aikata a Landan suka ƙi karɓa, ta je da kuɗinta ta yi wa sojoji hidima, ta dawo da bashi a wuya, aka kusa mantawa da ita.

Darasin Agnes Jones

Da kuɗin da jama'a suka tara mata, fam dubu 44 da 'yan kai, aka buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas na Landan a 1860 da ɗalibai 15. Ɗaya daga cikin fitattun da makarantar ta horar ita ce Agnes Jones. A 1865 attajiri William Rathbone ya ɗauki nauyin kai ƙwararrun nas-nas asibitin gidan gajiyayyu na Libaful, inda marasa lafiya sama da 1,000 ke kwance. Jones ta tafi da ƙwararru 12. Tana tashi kafin asuba, ba ta kwanciya sai dare ya raba. Ta gyara wurin, amma zazzaɓin ƙwarƙwata ya kashe ta ranar 19 ga Fabrairun 1868 tana da shekara 35.

Nightingale ta yi mata yabo mai ratsa jiki, ta kuma ƙara tsananta abin da take nema wa ma'aikatan jinya. Kafin ta aika ɗalibanta wani asibiti takan bincika inda za su kwana, abin da za su ci, ranakun hutunsu, da yawan gadajen da kowace za ta riƙe. Ta yi adawa da ra'ayin cewa jinya sadaka ce da bai kamata a biya ta ba, ta tsaya kan a biya ƙwararriya daidai darajar aikinta. Waɗanda aiki ya kayar takan aika musu abinci da littattafai, ta tura su hutu Lea Hurst ko gidan yayarta a Claydon. Hutun da ta hana kanta da Herbert, shi ta koma tana nema wa 'yan baya. Rantsuwar da ɗaliban jinya ke yi da sunanta ma ba ita ta rubuta ba. A Amurka aka tsara ta a 1893.

Bayan 1880 ciwon ya sassauta, halinta ya yi laushi, ta shirya da dangi. Idanunta suka mutu a farkon ƙarni na 20. A 1907 ta zama mace ta farko da ta sami lambar girma ta Order of Merit. Ta rasu ranar 13 ga Agustan 1910 a gidanta na Landan. Danginta suka ƙi tayin binne ta cikin sarakuna a Westminster, aka kai ta maƙabartar ƙauyen East Wellow, aka rubuta haruffa biyu na sunanta da shekarun haihuwa da mutuwa.

Daga Landan zuwa Ƙofar Kwaya

Igiyar makarantarta ta iso Nijeriya. Kofoworola Abeni Pratt ta shiga makarantar ta St Thomas a 1946, ta dawo asibitin koyarwa na Ibadan a 1954, ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta ƙasa a 1965, ta kuma karɓi lambar yabo mai sunan Nightingale a 1973. A zamaninta ana zuwa Ingila a koyo a dawo. Yau tafiyar ta zama ta fita kawai. A watan Fabrairun 2024 magatakardan hukumar kula da aikin jinya da ungozoma, Faruk Abubakar, ya bayyana cewa nas-nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, sama da 15,000 a 2023 kaɗai. Matakin da hukumar ta ɗauka shi ne tsaurara sharuɗɗan tantance takardun masu son fita, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. A ƙarshen Yulin 2025 ma'aikatan jinya suka shiga yajin aikin gargaɗi, suna neman ƙarin alawus na aikin dare da ɗaukar sababbin ma'aikata.

Duk wadda ta tafi, gadajenta kan koma kan wadda ta rage. A Katsina nauyin ya fi haka. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara 652 sun mutu da tamowa a cibiyoyinta na jihar cikin watanni shida na farkon 2025. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai hannun da ya nemi jijiya a jikinsa, akwai bakin da ya sanar da uwarsa. A ƙananan hukumomi irin su Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara, ma'aikacin lafiya na aiki ne da tsoron 'yan bindiga, marasa lafiyan karkara kuma na tururuwa zuwa asibitocin birni.

Wanda ya tsaya a Ƙofar Kwaya zai ga gadar ƙarƙashin ƙasa da aka gina zamanin gwamnatin Aminu Bello Masari. Irin wannan aiki ido na ganinsa, ana yanke masa zare, ana tuna wanda ya yi shi. Yawan nas-nas da ke kan aikin dare a ɗakin yara, ko ruwan famfo a ɗakin haihuwa, ko ranar hutun da ta tabbata, ba a ƙaddamar da su, shi ya sa ba a cika yaƙin neman zaɓe da su ba. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Kasafin tarayyar Nijeriya ya fi yawan tsayawa kusa da kashi 5.

Nightingale ba ta rage mutuwar sojoji da zagayen dare ba, sai da ta tilasta wa gwamnati ta ƙirga gawarwaki, ta faɗi sanadinsu, ta kashe kuɗi. Tambayoyin da ta riƙa yi kafin ta tura ɗalibanta asibiti har yau suna nan, kuma kowane ɗan jiha na da ikon yi wa ɗan majalisarsa su lokacin kare kasafi: nas nawa ke kan aiki da dare, gado nawa kowace ke riƙe da shi, nawa suka ajiye aiki bana, nawa aka ɗauka a madadinsu.